Kwaɗayin Sankara: Shekara Ɗari Ana Neman Yanke Mata Abinci

Mai karatu, idan akwai mai fama da ciwon daji a gidanku, wataƙila an taɓa ba ka shawarar hana shi duk wani abin zaƙi, wai sukari ne abincin cutar. Maganar tana da tushe, sai dai rabinta aka faɗa maka.

A shekarun 1920 wani masani Bajamushe, Otto Warburg, ya lura cewa ƙwayoyin sankara suna zuƙar sukari fiye da lafiyayyun ƙwayoyin jiki, kuma ba sa ƙona shi ƙurmus ko da akwai iskar oksijin. Ya ɗauka ya gano asalin cutar. Daga baya hankalin masana ya koma kan ƙwayoyin gado, aka jingine batun. Duk da haka bincikensa bai tafi a banza ba. A hoton PET, wani nau'in sukari mai alama ake sa wa majiyyaci ta jijiya, sai ƙarin ya tara shi, ya tona wa kansa asiri.

To, me ya hana a kashe ƙarin da yunwa? Ƙwaƙwalwa ma da sukari take aiki, don haka maganin da zai toshe shi ko'ina zai illata mai jinya. Haske ya ɓullo daga Japan a 1986, inda Matsumura da Maeda suka nuna cewa jijiyoyin jinin ƙari suna yoyo, har manyan sinadarai kan ratsa su taru a cikinsa. A 1995 Amurka ta amince da Doxil, maganin sankara da aka naɗe cikin ƙunshin maiƙo mai faɗin kusan nanomita 100, wato kashi ɗaya cikin 10,000 na milimita.

Yau masu bincike suna ɗora wa irin waɗannan ƙunshi sinadarin da ke cinye sukari a cikin ƙarin kansa. Galibin gwajin a kan ɓeraye ake yi tukuna, bai zama maganin asibiti ba.

Saboda haka kada ka hana majiyyacinka abinci. Idan ciki ya rasa, hanta kan sarrafa sukari daga tsokar jiki, ƙarin ya samu rabonsa, mara lafiya ya rame har ya kasa jure magani. Ka ciyar da shi sosai, kuma kafin ka cire wani abu daga kwanonsa, ka tuntuɓi likitansa.