Ƙaramin Babur: Tarihin Zaɓensa da Kiwonsa Daga 1946 Zuwa Zamanin Acaɓa

Gabatarwa

Idan ana ba da tarihin abubuwan hawa na ƙarni na ashirin, an fi mai da hankali ga motoci da jiragen sama. Amma abin hawan da ya fi shiga rayuwar talakawan duniya shi ne ƙaramin babur, watau wanda girman injinsa bai wuce si-si 50 zuwa 150 ba. Shi ne ya kai malamin gona ƙauye, ya kai akawu ofis, ya kai mai jinya asibiti cikin dare. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi sawunsa tun daga shekarar 1946, a ga dalilin da ya sa wasu ire-irensa suka ɗore, wasu kuma suka ɓace. Abin da za a tarar shi ne, babur ɗin da ya yi nasara a kowane zamani shi ne wanda aka ƙera daidai da hanyar da zai bi, da aljihun mai shi, da kuma iyawar makanikin da ke bakin titi. Gudu da ƙyalli sun sha sayar da babur, amma ba su taɓa tsawaita kwanansa ba.

Zanzaron Italiya

Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, Italiya ta wayi gari hanyoyinta sun lalace, mutanenta ba su da kuɗin mota. Kamfanin Piaggio, wanda a da yake ƙera jiragen sama, ya rasa kasuwa, masana'antarsa ta garin Pontedera kuma bama-bamai sun ragargaza ta. Sai mai kamfanin, Enrico Piaggio, ya umurci wani injiniyan jirgin sama mai suna Corradino D'Ascanio da ya ƙera abin hawa mai araha. Shi kuwa D'Ascanio ba ya son babur, don yana ganinsa abu ne mai datti da wuyar gyara. Wannan ƙiyayya ita ta haifi Vespa a 1946, da inji mai si-si 98.

Duk abin da ya tsana a jikin babur sai ya kawar da shi. Ya ɗora inji a gefen tayar baya, aka huta da sarƙar da ke ɓata tufa da maiƙo. Ya rufe injin, ya yi wa ƙafafu garkuwa da wurin ajiyewa, ya bar fili tsakanin sirdi da kan babur yadda mace mai siket za ta hau ba tare da ta ɗaga ƙafa ba. Taya kuwa ya riƙe ta ta gefe guda kamar ta jirgin sama, ta yadda idan ta yi faci mai babur zai kwance ta da kansa ya sa safaya. Ma'anar sunan a Italiyanci ita ce zanzaro, saboda siririn ƙugunsa da ƙarar injinsa. Kafin ƙarshen 1956 an ƙera Vespa miliyan ɗaya. Kishiyarta Lambretta, ta kamfanin Innocenti na birnin Milan, ta fito a 1947.

Sai dai Vespa 'yar birni ce. Tayoyinta ƙanana ne, inci 8, daga baya inci 10, ƙaramar taya kuwa rami yakan haɗiye ta, yashi ya kayar da ita. Injinta kuma a wancan zamani mai bugu biyu ne, watau irin wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya, kashi 5 cikin 100 a tsofaffin samfura, kashi 2 a na baya. Irin wannan inji ba shi da bawul, yana da saukin kwancewa, amma yana shan mai, yana hayaƙi, filoginsa na yawan toshewa. Wanda ya yi rowar baƙin mai kuwa, fistan zai kama masa a tsakiyar hanya.

Ɗan Aiken Japan

Japan ma ta fita daga yaƙin a ragargaje. A 1946, a garin Hamamatsu, wani makanike mai suna Soichiro Honda ya fara sayen ƙananan injuna da sojoji suka bari, waɗanda a da suke ba rediyo wuta, yana maƙala su a jikin kekuna. Ya kafa kamfaninsa a 1948, a 1949 kuma Takeo Fujisawa ya zo ya riƙe masa harkar kuɗi da ciniki. A ƙarshen 1956 su biyun suka zagaya Turai suna duban ƙananan babura. Fujisawa ya nemi a ƙera wanda kowa zai iya hawa, har ɗan aiken gidan abinci da ke ɗauke da tiren taliya a hannu ɗaya. Amsar ita ce Super Cub, wanda ya fito a watan Agusta na 1958.

Ya kamata a tsaya a dubi ƙirar wannan babur da kyau, domin kowane sashe nasa amsa ce ga wata matsala ta mai hawa. Injinsa si-si 49 ne kacal, amma mai bugu huɗu, watau baƙin mai yana zaune a ma'ajinsa dabam, ba ya ƙonewa tare da fetur. Saboda haka bai cika shan mai ba, ba ya hayaƙi. An kwantar da injin ƙasa-ƙasa don iska ta riƙa sanyaya shi, nauyi kuma ya zauna a ƙasa. Kulocinsa yana kama kansa da kansa idan aka ba da wuta, mai hawa sai dai ya taka giya da ƙafa. An ba shi tayoyi masu inci 17, domin mafi yawan hanyoyin Japan a lokacin ba su da kwalta, babbar taya kuwa tana haye rami. An rufe sarƙarsa cikin kwanso don kada ƙura ta ci ta. Garkuwar ƙafa da murfin tayar gaba an yi su da roba, mara nauyi, mara tsatsa. Wannan robar ce ta sa Hausawa suke kiran ire-irensa roba-roba.

Don a wadatar da kasuwa, kamfanin ya gina babbar masana'anta a Suzuka a 1960. A shekarar 2017 adadin Super Cub da aka ƙera ya kai miliyan 100, abin da babu wani abin hawa mai inji da ya taɓa kaiwa. Manyan kamfanonin Ingila, irin su BSA wanda a shekarun 1950 babu kamarsa a duniya, sun raina ƙananan babura, suka bar wa Japan wannan kasuwa suna ganin ba riba a cikinta. Kafin su farga, waɗanda suka koyi hawa a kan ƙaramin babur na Japan sun girma sun nemi babbansa. A 1973 BSA ya durƙushe.

Inda Kwalta Ta Ƙare

Tarihin ƙaramin babur na daji ya faro ne daga wani dillali a garin Boise, jihar Idaho ta Amurka, mai suna Herb Uhl. Ƙasarsu ta duwatsu ce, masu sayensa kuwa mafarauta ne da makiyaya. Sai ya riƙa cire wa Super Cub garkuwar ƙafa, ya sa masa taya mai gwatso-gwatso, ya ƙara masa babban faifai mai haƙora a tayar baya. Hikimar faifan ita ce, muddin ya ƙara girma, gudun babur yakan ragu, amma ƙarfin jansa ya ƙaru, har ya hau tudun da a da yake gagararsa. Ciniki ya buɗe masa har kamfanin ya lura, ya fito da nasa samfurin mai suna Trail 50 a 1961.

Daga nan aka yi ta gyara. An ɗaga salansa sama, an ɗaga bakin shaƙar iska don a ratsa ruwa ba tare da inji ya sha ba, an sa faranti a ƙarƙashin inji don kare shi daga dutse. A samfurin CT90 an ƙara wata 'yar giya ta biyu, wadda mai hawa zai juya ya zaɓi ko gudun titi ko ƙarfin daji. Magajinsa CT110, na 1980, ya yi shekaru masu yawa yana raba wasiƙu a hannun ma'aikatan gidan waya na Ostareliya. Kamfanin Yamaha kuma a 1968 ya fito da DT-1, wanda aka ƙera tun farko don titi da daji baki ɗaya, kannensa ƙanana suka biyo baya. Abin lura a nan shi ne, babu babur guda da ya iya komai: tayar da ke kama taɓo tana saurin cinyewa a kwalta, giyar da ke hawa dutse kuma tana gajiyar da inji a doguwar hanya.

Darasin 1974

A 1974 kamfanin Honda ya tura injiniyoyi ƙasashe irin su Tailan da Indonesiya da Iran da Pakistan, don su gano abin da ya sa baburansa masu bugu huɗu suke lalacewa a can. Suka tarar ana ɗora wa babur iyali guda da kaya, ana barin baƙin mai har ya koma kamar kwaɓaɓɓen gari, ba a zuwa wurin makanike sai abu ya tsaya cik. Injin da suke sayarwa a lokacin yana da sandar buɗe bawul a can samansa, inda mai mara kyau ba ya isa da wuri, sai wurin ya ci kansa. Maimakon su tsaya ɗora wa masu saye laifi, sai suka sauko da sandar ƙasa kusa da ma'ajin mai, suka sa matatar iska ta soso wadda ake wankewa a mayar. Wannan shi ne CG125 na 1975. Ya fi wanda ya gada rashin gudu, amma ya fi shi jure wulaƙanci, shi ya sa daga baya masana'antun ƙasar Sin suka yi ta kwaikwayon injinsa.

Babur a Ƙasar Hausa

A zamanin mulkin mallaka, dokin ƙarfen ma'aikaci keke ne, musamman Raleigh. Babur kuwa sai ɗai-ɗai. Sauyi ya zo ne da arzikin man fetur. Hukumar da Janar Gowon ya kafa a 1972 ƙarƙashin Jerome Udoji ta miƙa rahotonta a 1974, aka ƙara albashi, aka biya ariyas a 1975, ƙananan ma'aikata suka cika shagunan babura. Zaɓin da suka yi ya bi tsarin da aka bayyana a sama. Akawu da malamin makaranta na birni sun so Vespa, wadda Hausawa suke kira Basfa, don tana karɓar babbar riga, ba ta ɓata ta. Malamin gona da malamin dabbobi, masu bin birji da yashi, sun fi son mai babbar taya. A 1979 aka kafa reshen Honda na Nijeriya, mai harhaɗa babura a Ota ta jihar Ogun.

Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar Naira, sabon babur da kayan gyaransa suka yi tsada, motocin haya suka yi ƙaranci. Babur ya tashi daga abin ado ya zama jari: ma'aikaci ya tashi daga ofis ya ɗauki fasinja, aka sami acaɓa a Arewa, okada a Kudu, kabu-kabu a Nijar. Aikin haya ya tace babura kamar rariya. Basfa ba ta jure lodi da ramuka ba, sai ta koma hannun dattawa. Daga ƙarshen shekarun 1990 baburan Sin masu araha irin su Jincheng suka mamaye kasuwa, sannan Bajaj Boxer na Indiya ya biyo baya, ya karɓu saboda ƙarancin shan mai da doguwar kujera, ga kuma kayan gyara a kowace kasuwa. Wannan bunƙasa ta zo da hasarar rayuka da karaya masu yawa, har Hukumar Kiyaye Haɗurra ta tilasta sa hular kwano a watan Janairu na 2009. A Janairun 2013 kuma, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jihar ta hana ɗaukar fasinja a babur cikin birni.

Kammalawa

Ga ɗalibi ko ma'aikacin da ke shirin sayen babur, wannan tarihi yana ɗauke da mizani. Tambaya ta farko ita ce hanyar da za a fi bi: kwaltar birni tana karɓar ƙaramar taya, birji da rairayi suna bukatar taya mai inci 17 ko 18 da inji mai tazara daga ƙasa. Ta biyu ita ce ko makanikin unguwa ya san injin, kayansa kuma suna kasuwa. Araha ba ta ado idan ringin fistan sai an aika wata ƙasa.

Kiwonsa kuwa bai sauya ba tun zamanin Super Cub. Baƙin man da ke cikin irin wannan inji bai cika wuce lita ɗaya ba, shi ke sanyaya shi, shi ke hana ƙarfe cin ƙarfe, don haka juye a kan kari shi ne rabin ransa. Matatar iska tana son wanki akai-akai, musamman da hunturu, domin ƙurar da ta wuce ta takan zama wasa tsakanin fistan da gidansa. Sarƙa tana son mai, tana kuma son a bar mata sassauci kamar faɗin yatsu biyu. Idan an ɗaure ta tamau sai ta cinye haƙoran faifai. A yashi akan rage wa taya iska kaɗan don ta shimfiɗu, a mayar idan an hau kwalta. Birki da fitila da hular kwano kuwa maganar rai ce, rigakafi ya fi magani. D'Ascanio da Honda sun sauke nasu nauyin tun da suka ƙera abin da talaka zai iya gyarawa da sifana biyu ko uku. Saura na mai babur, wanda ke duba ma'aunin baƙin mai kowace safiya kafin ya buga.