Yadda babban aikin raya ƙasa ke tafiya: matakai, masu ruwa da tsaki da tsarin gudanarwa

A bakin kowane babban aiki, ko hanya ce a Maradi, ko ajujuwan makaranta a Damagaram, ko tankin ruwa a Tawa, akan kafa allo. A kansa ana rubuta sunan mai aikin, wanda ya ba da kuɗi, kamfanin da ya ci kwangila, ofishin da ke sa ido, da wa'adin kammalawa. Jama'a kan wuce ba su karanta ba, sai ranar da aiki ya tsaya a fara tambayar wa za a tuhuma. Amsar tana cikin sanin abubuwa uku: matakan da aiki ke bi, mutanen da ya shafa, da yadda aka tsara masu gudanar da shi. Madatsar ruwa ta Kandaji, wadda aka fi sani da barajin Kandaji, misali ce da ta tara dukansu.

Mene ne aiki mai wa'adi?

Abin da jama'a ke kira furoje ya bambanta da aikin yau da kullum. Yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, yana da kuɗin da aka ware masa, yana kuma da abu takamaimai da ake jira ya samar. Gina madatsa furoje ne. Sayar da wutar da za ta bayar bayan an gama, aikin kullum ne na kamfanin NIGELEC.

Abubuwa uku ke ɗaure da juna a kowane furoje: girman aikin, lokaci da kuɗi. Idan aka taɓa ɗaya, sauran biyun sai sun motsa. Jinkirin shekara guda yana nufin farashin siminti da ƙarfe ya canza, albashin ma'aikata ya ci gaba da fita, a ƙarshe ko a nemo ƙarin kuɗi ko a rage aikin.

Matakan da aiki ke bi

Mataki na farko shi ne gano buƙata. Tun shekarun 1970, lokacin manyan fari, aka fara maganar datse kogin Isa a Kandaji, cikin jahar Tillaberi, kimanin kilomita 180 arewa maso yamma da Yamai. A shekarar 1985 ruwan kogin ya daina gudu a Yamai, abin da ya nuna cewa buƙatar ta gaske ce. Manufofin da aka tsayar su ne: riƙe ruwa domin kogin kada ya ƙafe da rani, shayar da hekta dubu 45 na noman rani, da samar da megawat 130 na wutar lantarki.

Mataki na biyu shi ne nazari da shiri. Injiniyoyi su auna ƙasa su zana taswira, masana tattalin arziki su lissafa ko amfanin ya kai kuɗin da za a kashe, a kuma binciki illar da aikin zai yi wa muhalli da jama'a. A Nijar hukumar BNEE ce ke duba irin wannan bincike na muhalli. A nan ne ake ƙidaya gidaje, gonaki da itatuwan da za a biya diyyarsu.

Mataki na uku shi ne neman kuɗi da ba da kwangila. Masu ba da lamuni su aiko da tawagarsu ta tantance shirin, a yi shawarwari, a sa hannu kan yarjejeniya. Daga nan a yi kiran kamfanoni su gabatar da tayinsu. Bankin Duniya ya amince da tallafa wa shirin Kandaji a 2012, ya kuma ƙara dala miliyan 150 a 2020.

Mataki na huɗu shi ne aiwatarwa, inda mafi yawan kuɗi ke fita. Ana biyan kamfani ne kashi-kashi, gwargwadon abin da ofishin sa ido ya tabbatar an yi.

Mataki na biyar shi ne rufewa. A karɓi aikin karɓar wucin gadi, a riƙe wani kaso na kuɗin kamfani har wa'adin garanti ya cika, galibi shekara guda, sannan a yi karɓar ƙarshe. Bayan haka a miƙa ginin ga wanda zai kula da shi, a rubuta rahoton abin da aka koya.

Ba kullum matakan ke tafiya a jere ba. Shugaba Tandja Mamadou ya aza tubalin Kandaji a watan Agustan 2008. An ba kamfanin Zarubezhvodstroy na Rasha kwangilar ginin, amma gwamnati ta soke ta a 2013 saboda aikin bai ci gaba yadda aka tsara ba. Hakan ya mayar da shirin mataki na uku. A watan Maris na 2019 Shugaba Issoufou Mahamadou ya sake ƙaddamar da aikin tare da kamfanin Gezhouba na Sin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 masu ba da lamuni da dama sun dakatar da fitar da kuɗi, kamfanin kuma ya sanar da tsayar da aiki a watan Agusta na shekarar. Bikin aza tubali, ke nan, ba ya nuna cewa an wuce matakin kuɗi da kwangila har abada.

Masu ruwa da tsaki

Mai ruwa da tsaki shi ne duk wanda aikin zai shafa, ko wanda ke iya shafar aikin. A kan allo ana ganin huɗu. Mai aikin, wanda takardun Faransanci ke kira maître d'ouvrage, shi ne ke yin oda kuma abin nasa ne: gwamnati, ma'aikatar minista ko ofishin magajin gari. Mai ba da kuɗi yana da sharuɗɗansa, kuma sau da yawa ba a sa hannu kan babbar kwangila sai ya rubuto cewa ba ya da ja. A Kandaji, kafin juyin mulkin 2023, masu ba da kuɗin suna da yawa, ciki har da Bankin Duniya, Bankin Raya Afirka, Bankin Musulunci na Raya Ƙasashe, BOAD da hukumar AFD ta Faransa, kowane da ɓangaren da ya ɗauka. Idan ɗaya ya makara, ɓangaren wani ma yakan jira. Sai kamfanin gini, sai ofishin sa ido, wanda ke wakiltar mai aikin a fili.

Waɗanda ba a rubuta sunansu a allo ba su suka fi yawa. Tafkin da madatsar za ta tara, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyar ɗaya da rabi, zai mamaye garuruwa da gonaki. An tayar da mutane fiye da dubu 5 a zagaye na farko, zagaye na biyu kuma ya shafi kimanin dubu 50, har da mutanen Ayorou. Akwai manoma, makiyaya, masunta, sarakunan gargajiya da ƙungiyoyin fararen hula. Ba a iya cika tafkin sai an sake tsugunar da jama'a, don haka diyya da sabbin matsugunai na cikin jadawalin aikin kamar yadda zuba kankare yake.

Akwai kuma maƙwabta. Kogin na ƙasashe da yawa ne, kuma hukumar ABN mai mazauni a Yamai ta haɗa ƙasashe 9 da ke cikin kwarinsa. An tsara a fara cika tafkin zuwa tsayin mita 224, domin idan ya kai mita 228 ruwan zai shiga ƙasar Mali. Nijeriya, mai madatsun Kainji da Jebba a ƙasan kogin, ita ma tana da ido kan yawan ruwan da zai riƙa isowa.

Ƙa'idar da masana gudanar da ayyuka suka yarda da ita ita ce: murya ta fi tasiri a farkon aiki. Kafin a zana taswira, sauya wurin rijiya ko mashigar hanya bai wuce gyaran takarda ba. Bayan an zuba kankare, gyara na nufin rushewa. Shi ya sa taron jin ra'ayin jama'a da ranar ƙidayar dukiya suka fi bikin buɗewa muhimmanci ga mazauna wuri. Wanda ba a rubuta gonarsa ba kafin ranar rufe ƙidaya, samun diyya yakan yi masa wuya.

Tsarin gudanarwa

Hanyoyi uku aka fi sani. Ta farko, a bar aikin cikin ma'aikata: kowane sashe ya yi nasa, kowa na amsa wa daraktansa. Ba ta da tsada, kuma ilimin yana zama a gida, amma takarda na daɗewa tsakanin ofisoshi, kuma babu mutum ɗaya da ke ɗauke da alhakin duka.

Ta biyu, a kafa ofishi na musamman, da shugaba, akanta, jami'in kwangiloli da jami'in bin diddigi, waɗanda ba su da wani aiki sai wannan. Yawancin ayyukan da ƙasashen waje ke tallafawa haka suke. Shawara na saurin yankuwa, sai dai ranar da kuɗi suka ƙare ma'aikatan kan watse da abin da suka sani. Kandaji ya bi wannan hanya: da farko yana hannun hukumar HCAVN mai kula da raya kwarin kogin, daga baya a 2016 aka kafa hukumar ABK domin madatsar kanta.

Ta uku gauraye ce: ma'aikaci na nan a ma'aikatarsa, amma an ba da aronsa ga furoje. Ana cin moriyar ƙwararru ba tare da ɗaukar sabbi ba, amma mutum ɗaya na da shugabanni biyu, kuma idan ba a rubuta wa ke da maganar ƙarshe ba, rikici ba ya nisa.

A saman kowane tsari akan sami kwamitin jagoranci, mai amincewa da kasafin shekara da jadawalin aiki. A ƙasa kuma akwai kwamitocin gari, irin na kula da famfo ko COGES na makarantu da gidajen likita, waɗanda ginin ke komawa hannunsu bayan an rufe furoje.

Inda ake kai kuka

Kowace matsala da ƙofarta. Idan ginin ba shi da inganci, ofishin sa ido da mai aikin ake nema. Idan ma'aikata ba su sami albashi ba, kamfani ne da ofishin sufeton ƙwadago. Idan maganar diyya ce, manyan bankunan raya ƙasa suna wajabta wa kowane aiki ya kafa hanyar karɓar koke, wadda kan fara daga kwamitin gari ko ofishin magajin gari. Yana da kyau mai koke ya nemi a rubuta kukansa a rajista, a ba shi shaida mai kwanan wata. Bankin Duniya yana kuma da kwamitin bincike mai zaman kansa tun 1993, wanda mutanen da aikin bankin ya cutar ke iya rubuta wa kai tsaye.