Lakar Ruwa da Lakar Salga: Tarihinta da Lissafinta

Jama'a, yau zancenmu a kan laka ne. Ba lakar fadama da ake yin tukwane ba, a'a, lakar da ke kwantawa a gindin ruwa in an tace shi, da kuma wadda ke taruwa a cikin salga. Ku yi haƙuri da maganar, ba ta da daɗin ji, amma ciwon ciki ya fi ta rashin daɗi.

A zamanin da, mutanen birnin Katsina rijiya suke sha, kowane gida kuwa da salgarsa a bayan ɗaki. In ta cika sai a rufe ta da ƙasa, a haƙa wata. Fili yana da yawa, ba wanda ya damu da lissafi. Da Turawa suka shigo Katsina cikin 1903, sai suka zauna a bayan ganuwa, nesa da jama'a. Dokar da Gwamna Lugga ya yi cikin 1917 ta ce a bar fili na yadi 440 tsakanin gidajen Turawa da na 'yan ƙasa, wai don gudun sauro. Irin waɗannan unguwanni su ne asalin abin da muke kira GRA. A garuruwan Arewa da yawa bokiti aka riƙa ajiyewa a bayan gidajen nan, lebura su kwashe, su kai bayan gari su binne cikin rami. Aiki ne mai wuya, ba godiya. Daga baya aka koma gina ramin siminti mai murfi, da sokawe a gefensa, mota ta zo ta zuƙe in ya cika.

Kada ku ɗauka Turawa da wayonsu aka haife su. Cikin 1854 kwalara ta yi ɓarna a wata unguwa ta London, sai wani likita, John Snow, ya bi sawu ya tarar daga rijiyar famfo guda ɗaya cutar ke fitowa. Cikin 1858 kuma warin kogin Thames ya dami 'yan majalisar Ingila har suka yarda a kashe kuɗi a gina manyan magudanai. Sai 1914 wasu masana biyu a Manchester, Ardern da Lockett, suka gano yadda za a hura iska cikin ruwan ƙazanta, ƙananan halittu su cinye dauɗar. Ruwa ya yi kyau, amma fa laka tana nan. Har yau ba a sami dabarar da za ta sa ta ɓace ba.

Mu ma mun ɗanɗana. Kwalara ta shigo Afirka ta Yamma cikin 1970, ta kashe mutane da yawa a Nijeriya cikin 1971. 'Yan shekaru bayan haka aka gina madatsar Ajiwa don ba birnin Katsina ruwan famfo. A gidan ruwa ana zuba alif, kamar yadda uwargida ke jefa shi cikin randa, dauɗa ta dunƙule ta nutse. Abin da ya nutse ɗin nan, shi ma laka ne, dole a kwashe.

To, ga inda lissafi ya shigo, ku saurara da kyau. Laka ɗanya kusan duk ruwa ce. A ce mota ta zuƙo kilo 5,000 daga wani gida a GRA, aka auna aka tarar tsantsar dauɗa kashi 4 ne cikin 100. Watau dauɗar kilo 200 ce kawai, sauran kilo 4,800 ruwa ne. Sai a shimfiɗa ta a kan gadon yashi da tsakuwa, ruwa ya tsane ta ƙasa, rana ta sha ta sama. Ruwa na tafiya, amma kilo 200 ɗin nan ba ya raguwa. In ta yi kauri har dauɗa ta zama kashi 20 cikin 100, watau ɗaya bisa biyar, sai ka riɓa 200 sau biyar, ka sami kilo 1,000. In aka bari ta ƙara bushewa zuwa kashi 40, saura kilo 500. Kun gani, kaya goma sun koma ɗaya. Da wannan ma'aikaci ke sanin girman filin shanya da zai nema, da yawan sawun da za a yi wajen kwashewa. Wanda bai yi lissafin ba, laka ta fi ƙarfinsa, ƙarshenta a juye ta cikin kududdufi inda yara ke wanka. Da rani ƙasarmu tana da sa'a, rana da hunturu suna busar da ita da sauri. Da damina kuwa sai an ƙara kwanaki.

Kai da ke ƙauye, kada ka ce wannan zancen mutanen birni ne. Masana na ƙiyasta cewa mutum ɗaya yana tara lita 40 zuwa 60 a salga cikin shekara. In ku goma ne a gida, lita 400 zuwa 600 ke nan, watau duro biyu ko uku. Tun kafin ka sa diga, ka ƙidaya mutanen gidanka da shekarun da kake so ramin ya yi, ka kuma bar kamu guda a sama don rufewa. Ka nisanta shi daga rijiya, a ƙalla taki talatin manya.

Saura batun taki. Lalle busasshiyar laka tana gyara gona, amma bushewa ba ta kashe ƙwan tsutsar ciki nan da nan. Salgar da aka rufe, a bar ta shekara biyu kafin a tona. Kada a zuba ɗanya a lambun latas ko tumatir da ake ci ba dafuwa. Wanda ya taɓa ta, ya wanke hannu da sabulu ko toka kafin ya kai loma. In gudawa mai kama da ruwan shinkafa ta kama wani a gidanku, ku fara ba shi ruwan gishiri da sukari, ku kawo shi disfensa a ranar, ko da dare ne.