Tukunya mai ƙafa uku da tarihin dahuwar "potjiekos" a Afirka ta Kudu

A harshen Afirkans, kalmar "potjie" tana nufin ƙaramar tukunya, "kos" kuwa abinci. Idan aka haɗa su sai a sami sunan wata dahuwa ta nama da kayan lambu wadda ake yi a fili, bisa garwashi, cikin tukunyar baƙin ƙarfe mai ƙafa uku. Ana soya naman a ƙasan tukunya tare da albasa, a jera karas da dankali a kansa, sa'an nan a ɗora masu saurin nuna kamar kabewa da kabeji. Ruwa kaɗan ake zubawa, a rufe, a bar shi awa uku ko fiye. Ba a juya shi sai lokacin kwashewa, domin tururi ne yake dafa na sama, kuma kowane abu ya kan fito da kamanninsa.

An sha danganta asalin wannan dahuwa da birnin Laidin na ƙasar Holand, inda aka ce sojojin Sifaniya sun bar tukunyar dafaffen abinci da suka janye daga kewaye garin a watan Oktoba na 1574. Labarin yana da daɗin ji, amma bai bayyana yadda tukunyar ta bazu a Afirka ba. Bayanin wannan yana ga sana'ar zubi. A 1707 wani Baturen Ingila, Abraham Darby, ya sami takardar mallakar dabarar zuba tukwanen ƙarfe cikin mazubin rairayi, a 1709 kuma ya soma narka tama da gasasshen kwal maimakon gawayin itace a garin Coalbrookdale. Tukunya ta yi sauƙin nauyi, ta yi arha, ta zama hajar da jiragen ruwa suke kaiwa nesa.

Turawan Holand sun sauka a Kef tun 1652, ƙarƙashin Jan van Riebeeck. Jikokinsu makiyaya, watau Bowa, sun yi ta kutsawa cikin ƙasa da kekunan shanu, kuma daga wajen 1836 dubbansu suka yi babbar ƙaura zuwa arewa don guje wa mulkin Ingilishi, wanda ya soke bauta a 1834. Ga matafiyi irin wannan, tukunyar ta dace ƙwarai. Ƙafafunta sun ɗauke masa neman duwatsun murhu, cikinta mai zagaye yana rarraba zafi, kaurin ƙarfenta yana riƙe shi da ɗan itace, abin da ke da muhimmanci a dajin da wani lokaci sai da busasshen kashin shanu ake hura wuta. Naman dawa da na tsofaffin dabbobi yana da tauri, ba ya laushi sai da doguwar dahuwa. Mai karatu a Maraɗi ko Damagaram zai ga cewa murhun duwatsu uku ne aka manna a gindin tukunya.

Abin da aka fi mantawa shi ne hannuwan da suka yi girkin. Ayarin Bowa ya tafi da barori masu yawa, ƴan Koikoi da ƴantattun bayi, kuma kayan ƙamshin da suka shiga girkin Kef sun zo ne ta hanyar cinikin kamfanin Holand na Gabashin Indiya da bayin da aka kawo daga Indiya da tsibiran Indunusiya. Bugu da ƙari, tukunyar ba ta tsaya a zangon Bowa ba. Fatake sun kai ta garuruwan Zulu da Kosa da Tsuwana, inda ta ture tukunyar yumɓu a wurare da dama, ta zama ta dafa tuwon masara kullum, ta zama ta biki da zaman makoki. A Botsuwana, a cikinta ake dafa "seswaa", naman da ake bari ya daɗe a wuta da gishiri kaɗai, sa'an nan a daka shi. Da mazauna birane farar fata suka farfaɗo da potjiekos a shekarun 1980, har da gasar girki da littattafai, tukunyar ba ta taɓa sauka daga wuta a karkarar baƙar fata ba.

Harshe ya adana sawun wannan tafiya. Zulu suna kiran tukunyar ƙarfe "ibhodwe", kalmar da aka aro daga "pot" ta Afirkans, alhali tukwanen yumɓu sun riƙe sunayensu na asali, kamar "ukhamba" da ake shan giya a ciki. Haka Hausa ta yi da "kwano" da "ƙwarya", kowanne da mazauninsa, sai dai ita ba ta ari sabon suna ga tukunya ba: ta ƙara mata bayani ne kawai, ta ce tukunyar ƙasa, tukunyar ƙarfe, tukunyar dalma.