Daga Dalas zuwa Obamacare: mai ciwon huhu da inshorar lafiya a Amurka

A shekarar 1929, asibitin Jami'ar Baylor da ke Dalas ya ƙulla yarjejeniya da malaman makarantun birnin: kowane malami ya riƙa biyan santi 50 a wata, asibiti kuma ya ɗauki nauyin kwanciyarsa har kwana 21 a shekara. Daga nan tsarin Blue Cross ya samo asali, bisa ƙa'idar farashi ɗaya ga kowa, mai ƙoshin lafiya da mai fuka.

Kamfanoni masu neman riba ne suka rusa wannan ƙa'ida bayan yaƙin duniya na biyu. Sun yi zawarcin matasa da lafiyayyu da farashi mai rahusa, suka bar wa Blue Cross tsofaffi da majinyata, har ita ma ta bi sahu. Ya zama duk wanda zai sayi inshora da kansa sai ya fayyace tarihin lafiyarsa. Mai asma ko mai toshewar hanyoyin numfashi ana iya ƙin karɓarsa, ko a tsawwala masa kuɗi, ko a karɓe shi bisa sharaɗin cewa babu ruwan kamfani da duk abin da ya shafi huhunsa. Na ƙarshen nan ya fi ciwo: mutum yana biya kowane wata, amma ciwon da ke kai shi asibiti cikin dare ba ya cikin lissafi. Da yawa suka maƙale a aikin da ba sa so, don tsoron rasa inshorar wurin aiki.

Dokar 1996 ta ɗan sassauta. Sai dokar da Obama ya sa wa hannu a watan Maris na 2010 ta haramta korar mutum ko ƙara masa kuɗi saboda tsohon ciwo, hukuncin da ya fara aiki ga manya a 2014.

Tun daga lokacin damuwar ta koma kan zaɓi. An kasa tsare-tsaren zuwa tagulla, azurfa, zinare da filatinam, inda kamfani ke ɗaukar kimanin kashi 60, 70, 80 ko 90 cikin ɗari na kuɗin jinya. Tagulla ta fi arhar kuɗin wata, kuma a ganina ita ce tarkon mai ciwon huhu, domin sai ya kashe dubban daloli daga aljihunsa kafin kamfani ya sa hannu, alhali maganin shaƙa, gwajin numfashi da iskar oksijin ba sa jiran ƙarshen shekara. Sai ya duba ko maganinsa na cikin jerin da tsarin ke biya, ko kuma likitan huhunsa na cikin waɗanda kamfanin ya amince da su.

Dokar ta kuma bar ƙofa ɗaya a buɗe: an yarda a ƙara wa mai shan taba har kashi 50 cikin ɗari, kuma taba ce kan gaba wajen haddasa toshewar hanyoyin numfashi a Amurka.