Raƙuman Dawa na Kure: Daga 49 Zuwa Sama da 600

A farkon ƙarni na 20, raƙumin dawa na yammacin Afirka yana kiwo tun daga Senegal har bakin tafkin Cadi. Farauta da saran daji, da farin shekarun 1970 da na 1980, suka yi ta cin su. Da aka ƙidaya a 1996, guda 49 kacal suka saura, dukansu nan Nijar, wajen Kure, kusan kilomita 60 daga Yamai.

Daga nan hukuma ta tsaurara tsaro, mutanen ƙauyukan ma suka sa hannu, tunda baƙi masu zuwa kallo suna kawo ɗan abin shiga. Zaki kuwa babu a yankin. Sai garke ya shiga hauhawa, har zuwa 2018 ya haura 600. Ku lissafa da kanku: kusan duk shekara shida ninkawa yake, alhali uwa wata 15 take da ciki, ɗa guda take haifa.

To, amma ninki ba ya tafiya har abada. Tun 1838 Verhulst, wani masanin lissafi ɗan Beljiyam, ya nuna cewa yawan masu rai yakan tashi da sauri, sannan ya lafa idan ya kusa iyakar abin da wuri ke iya ciyarwa. A Kure iyakar nan itace ne. Da damina raƙuman na cin ganye bisa tudu, da rani su gangara Dallol Boso neman gawo. Tudun kuwa ana sare shi a kai icen girki Yamai, gonaki suna ta ƙaruwa. In ganye ya yi wuya, sai su faɗa ma waken talaka da mangoronsa. Manomin da aka cinye ma wake, wa zai ce masa ya yi haƙuri?

Don kada annoba ko fari guda ya share su duka, a Nuwamban 2018 aka ɗauki takwas cikin mota zuwa Gadabeji, jihar Maraɗi, inda suka ɓace kusan shekara 50 baya.

Ni harshe nake karanta, shi ya sa sunan ke tsaya mini a rai. Bahaushe ya ce raƙumin "dawa", ya jingina dabbar ga mazauninta. Hana bindiga ya fid da su daga 49. Abin da za su kai nan gaba, ƴan uwa, ya danganta ga yawan dawan da muka bar musu.