Wanda Ya Miƙa Almakashi

Jama'a, tun kafin zuwan Turawa, yaro a Birnin Gwari a gaban ubangidansa yake koyon ƙira ko jima, ladan ubangida kuwa biyayya ce. A 1987, zamanin Babangida, ana fama da tsadar SAP, hukumar NDE ta fara rarraba matasa wurin teloli, kafintoci da makanikai, tana ba masu koyarwa ɗan hasafi. Tela shi zai jure ɓarnar yadi, ya ciyar da yaron da ya fito bai karya ba. Ranar yaye kuwa, takarda ta yaro, yabo na hukuma.

Ni dai na ce, yaron da ya riƙe almakashi a Magajin Gari, da wuya daji ya ja shi da bindiga. A gode wa wanda ya miƙa masa.